Zamanin da intanet ke kuka kafin ya buɗe

Kafin salula ta shiga aljihun kowa, ta igiyar tarho intanet yake bi. Haka ya iso Nijar da Kamaru da Cadi a ƙarshen shekarun 1990. Wani ɗan akwati da ake kira modem ne ke buga lamba, ya yi ta tsuwa kamar gyare, sannan hanya ta buɗe. Gudunsa bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba. Hoto mai megabait ɗaya sai ya ci wajen minti uku, kuɗin tarho na ta hawa, wanda ya kira gidan kuma ya tarar layi a kame.

Masu aiki da Linux sun fi kowa shan wuya. Linux manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, wadda wani ɗalibi a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fito da ita a 1991. Kyauta ce, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara. To, sai kamfanoni suka cika kasuwa da wani modem mai arha, winmodem, wanda aka rage wa kayan ciki aka bar wa Windows sauran aikin. Sirrin tuƙa shi kuwa suka riƙe. Ka saya da murna, ka haɗa da Linux, shiru kake ji. Arha ba ta ado. Da yawa sai da suka koma modem na waje mai cikakken kayansa.

Gyara kuma bi da bi ake yi, yadda makiyayi ke duba saniya daga hanci zuwa kofato. A rubuta wa modem ATZ. In ya amsa OK, da ransa. A ba shi ATDT da lamba, a kasa kunne. Babu sautin layi? Igiya ce. Ya kama ya saki? Ko ƙazantar layi, ko kuskuren kalmar sirri, sai a karanta bayanin da manhajar pppd ta bari.

Ilimin bai mutu ba. Da modem na USB mai layin salula ya zo, da tsohuwar manhajar wvdial wasu suka riƙa buga *99# su shiga.

Saboda haka, ɗan kasuwa, in za ka sari kayan na'ura a bakin iyaka, kafin ka ce "nawa?", fara tambaya: da me yake aiki, kuma wa zai iya gyara shi?