Tiga da Bagauda: Nazari a Kan Da'awar Cewa Aikin Da Ya Fi Na Yanzu

A kudancin Jihar Kano akwai hujjar da ake kashe baki da ita duk lokacin da zancen ingancin aiki ya taso. Da zarar sabuwar kwalbati ta rufta a daminarta ta farko, ko rufin sabon aji ya bi iska, sai ka ji wani dattijo a majalisa ya ce, "Ku dubi aikin Audu Bako." Dam ɗin Tiga yake nufi, kuma maganar tasa ba ta rasa madogara ba. An gina dam ɗin a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin da Audu Bako ke mulkin jihar. Bango ne na ƙasa da aka dandaƙe, tsayinsa kimanin mita 48, tsawonsa kusan kilomita 6, kuma tafkin da ya tara ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178. Daga nan ruwa ke bi ta Ruwan Kanya ya shiga babban kanal, ya isa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam ba tare da inji ya tura shi ba, gangare kawai yake bi. Wani kaso na ruwan da birnin Kano ke sha ta matatar Tamburawa ma daga nan yake fitowa. Shekara hamsin ke nan da 'yan kai, bangon yana tsaye.

Daga wannan shaida ake yanke hukunci mai faɗi: wai mutanen da sun fi mu iya aiki, kayansu sun fi namu ƙarko, fasaharsu ta fi tamu albarka. Wannan maƙala na ganin hukuncin ya zarce abin da shaidar za ta iya ɗauka. Akwai gaskiya a cikin koken dattawa, amma an rataya ta a inda ba nan ne muhallinta ba.

Matsala ta farko ita ce yadda ake zaɓen shaidu. Tafiya kaɗan daga Tiga, a cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji, akwai dam ɗin Bagauda. Shi ma aikin zamanin Audu Bako ne, har ya riga Tiga kammaluwa. A watan Agusta na 1988, bayan ruwan sama mai yawa, ya ɓalle, ya ci rayuka da gidaje da gonaki, sai daga baya aka sake gina shi. Zamani ɗaya ne, gwamnati ɗaya, irin gini ɗaya. Mai kafa hujja da Tiga ba ya ambaton Bagauda, ba don yana son ɓoye gaskiya ba, sai don abin da ya rushe ba ya nan balle a nuna shi da yatsa. Haka lamarin yake ga duk wani tsohon kaya. Tsohuwar garmar da ke rataye a zaure ta kai gare mu ne saboda ta yi kyau. 'Yan uwanta da suka karye a gona tuni maƙeri ya narkar da su ya yi lauje. Muna gwada zaɓaɓɓun kayan jiya da tarkacen kayan yau baki ɗaya, masu kyau da marasa kyau, sannan mu yi mamakin yadda jiya ta yi rinjaye.

Shi kansa Tiga ba a bar shi yadda aka gina shi ba. A 1992 an rage tsayin mafitar rarar ruwansa da kimanin mita 3.5 saboda fargabar da ake yi game da ƙarfin bangon, abin da ya rage ruwan da yake iya riƙewa da kusan kashi ɗaya cikin uku daga kusan kubik mita biliyan 2 da aka tsara tun farko. Wato wani ɓangare na daɗewar da ake yaba wa magina na farko, injiniyoyin baya ne suka saye ta da rage wa dam ɗin kaya. Wannan ba zubar da darajar magina ba ne. Kowane dam na ƙasa a duniya sai an riƙa auna tsatsar ruwan da ke bi ta jikinsa, ana toshe ramuka, ana sare itatuwan da saiwarsu ke huda bango. Wanda ya ga abin da ya auku a Maiduguri a watan Satumba na 2024, lokacin da dam ɗin Alau, ginin shekarun 1980, ya ɓalle ya cinye unguwanni, ya san tsufan aiki ba ya zama garkuwa.

Akwai kuma tambayar da mu mutanen saman kogi ba mu cika son ji ba: inganci a wurin wa? Dubban mutane aka tasa daga garuruwansu da gonakinsu kafin ruwa ya taru a Tiga. Can ƙasa kuma, a fadamun Hadejia da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da manoman shinkafa da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu, musamman bayan an ƙara dam ɗin Challawa a 1992. Ruwan da ake saki rani da damina ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa, ita kuma ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye amfanin gona. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan bincikensa sun kwatanta amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a fadamun da wanda ake samu a shirin noman rani na Kogin Kano, suka ga na fadamun ya ninka. Ana iya jayayya da lissafin, don noman shinkafa da tumatir ya bunƙasa ƙwarai a Kura da Kadawa tun daga lokacin. Amma ko injiniyan da ya fi kowa son Tiga ba zai tsara irinsa a yau ba tare da auna abin da zai sami mutanen ƙasan kogi ba. A nan kam ilimin yanzu ya fi na da, nesa ba kusa ba.

To, sai batun sana'o'in hannu, inda kewar da ta fi ƙarfi. A Doguwa akwai Riruwai, garin da ya yi suna wajen haƙar kuza da narka ta tun kafin zuwan Turawa. Masu narkar suna zuba dalmar ne ta fito siri-siri, 'yan kasuwa su ɗaure ta dami-dami su yi fatauci da ita. Irin waɗannan siraran sanduna ne 'yan kamfanin Turawa na Neja suka gani a kasuwannin bakin Binuwai, suka bi sawunsu har suka gano arzikin kuzar da ke ƙasar Bauchi da Jos a farkon ƙarni na 20. Abin da ya biyo baya sananne ne: gwamnatin mulkin mallaka ta raba wa kamfanoni lasisin haƙa, masu narka na gida suka rasa inda za su sami kuza, wutarsu ta mutu. Daga nan aka riƙa lodin kuzar ɗanya zuwa Ingila, sai a farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narka ta a Jos. Mai cewa sana'ar da ta mutu don sabuwa ta fi ta kyau bai faɗi daidai ba a nan, haka ma mai cewa ta mutu don 'yan baya sun lalace. Doka da ƙarfin mulki ne suka raba gardamar, tun ba a kai ga gwada inganci ba.

Labarin rini kuwa ya juya wa masu kewa baya ta wata fuskar. Lokacin da Baturen matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar baƙin yadin ƙasar nan yana kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Amma binciken masanin tarihi Philip Shea kan wannan masana'anta ya nuna cewa bunƙasarta ta rataya ne a kan sabuwar dabara: manyan rijiyoyin karofi da ake shafe cikinsu da laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato dattin da ke kwanta a gindin rijiyar rini. Su suka maye gurbin tukwanen da aka saba rini a ciki, suka sa ana rina yadi mai yawa da araha. Abin da muke kira gargajiya a karofin Kura da na Ƙofar Mata, sabon abu ne a zamaninsa, kuma ba na shakkar an sami dattijon da ya ce rinin tukunya ya fi kama jiki. Haka maƙera. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa ya wadata, su da kansu suka bar wahalar narka tama. Maƙerin Kiru ko Tudun Wada da ke sarrafa sifirin tsohuwar mota ya yi gatari a yau yana aiki ne da ƙarfen da ya fi na kakansa tsabta da ƙwari, kuma ya san haka.

Ina gaskiyar koken take, ke nan? A wurare biyu nake ganinta, kuma na biyun ya fi girma.

Na farko, nisan da ya shiga tsakanin mai yi da mai amfani. Maƙerin gari yana sallah a masallaci ɗaya da manomin da ya sayi fartanyarsa. In ta lanƙwashe ranar farko, kafin la'asar gari ya ji. Sunansa ne jarinsa, kuma 'ya'yansa za su gaje shi da sunan. Wanda ya ƙera injin feshi a wata masana'anta a Sin bai san akwai Kwanar Dangora ba, kuma sau da yawa ɗan kasuwar da ya yi odar kayan ne ya nemi mafi araha, don ya san aljihun masu saye. Masana'antar da ke yin ɗan araha tana iya yin mai tsada. Don haka idan manomi ya ce kayan yanzu ba su da ƙarko, galibi yana ba da labarin talaucinsa ne da na kasuwar da jabu ke yawo a cikinta ba mai tsawatarwa. Kakansa ma, in ba mai hali ba ne, ba riga 'yar Kura yake sawa ba. Da yawa daga talakawan wancan zamani riga ɗaya ce da su, wasu ma walki.

Na biyu shi ne gyara. Ginin ƙasa na Hausawa, da tubalinsa da azararsa da makubarsa, ba ya daɗewa don ƙarfin kansa. Yana daɗewa ne don duk shekara bayan damina ana yaɓe, ana duba indararo, ana sauya azarar da gara ta ci. Gidan Makama a Kano yana nan saboda ba a daina taɓa shi ba. Ganuwar birni kuwa, da ta Bebeji da sauran tsoffin garuruwa, da aka daina aikin gayyar gyaransu sai suka koma tudun ƙasa. Mutanen da sun ɗauki gyara a matsayin rabin aiki. Siminti ya zo mana da wani alkawari na ƙarya, cewa in an gama an gama, mu kuma muka gaskata. Shirin noman rani na Kogin Kano shaida ne: bayan da Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ta karɓi ragamarsa, shekaru sun shuɗe kanal-kanal suna cikewa da yashi da ciyawa, ƙofofin ruwa suna tsatsa, na ƙarshen layi suna kwana a gona suna jiran ruwan da ba zai iso ba. Sai da aka ciwo bashin Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda aka amince da shi a 2014, kafin a yi masa gyara na a zo a gani. Kasafin gwamnati na son sabon aikin da za a yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto. Yashe kanal ba ya fitowa a talabijin.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ya dace a tambayi wanda ya yi aikin bara da jikinsa. Tsohon da ya taɓa ban-ruwa da jigo a bakin fadama, yana ɗaga guga tun asuba don ya jiƙa 'yan fangaloli na albasa, bai taɓa roƙon a dawo masa da jigo ba. Da ƙananan injinan ban-ruwa suka bazu a shekarun 1980 ta hannun hukumar raya aikin gona ta jiha, KNARDA, mutum ɗaya ya koma shayar da abin da a da sai gida guda. Jigo yana da abu ɗaya da ya fi inji da shi, kuma ba ƙarami ba ne: duk abin da ya lalace a jikinsa, mai shi zai gyara da itace da igiya. Injin fetur ya ci wannan jarrabawa daga baya, don yanzu da wuya ka sami kasuwar ƙauye a Bebeji ko Tudun Wada da babu yaron da zai kwance kafireto ya mayar, ga masu walda da ke ƙera injin casar masara da na shinkafa daga tarkacen ƙarfe. Waɗannan su ne magadan maƙera na haƙiƙa, ko da ba su da sarauta.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, manoman rani da dama sun karkata ga famfo mai aiki da hasken rana. Faifan sola na iya shekara ashirin yana aiki, abin da babu jigon da ya taɓa yi. Amma akwatin da ke sarrafa wutar, in ya ƙone a tsakiyar rani tumatir yana fure, mafi yawan manoma sai sun nufi Kano neman wani, don masu buɗe shi su gyara ba su yawaita a karkara ba tukuna. Koya wa samarin Tiga da Kiru wannan gyara, da samar musu kayan maye a kasuwannin kusa, aiki ne da kwalejojin fasaha na jihar da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa za su iya farawa da kuɗin da bai kai na kilomita ɗaya ta sabon titi ba.