Ƙofar gidan Montakut da ta koma bayan gida

A darasin tarihin Turai na kan nuna wa ɗalibaina hoton wani gida da ke yankin Somaset a Ingila, sunansa Montakut. Ba girman ginin nake so su duba ba, farfajiyarsa ta gabas nake nufi. An kewaye ta da shingen dutse: gajerun ginshiƙai jere da juna, an ɗora musu doguwar dakali, can da can kuma an kafa dutse mai tsini. A kusurwoyi biyu akwai ƴan ɗakuna masu lanƙwasasshen rufi. Duka da dutsen tudun Ham aka yi su, mai launin zuma.

Kullum sai wani yaro ya tambaya: "Mushe, wannan katangar wa za ta tare?" Gaskiyarsa, ko akuya ta tsallake ta. Ai ba don tsaro aka yi ta ba. Edwad Felifs, lauyan da ya gama gidan wajen 1601, ya yi zamani da sarauniya Elizabet ta farko, lokacin da manyan Ingila suka daina gina ganuwa don yaƙi. So yake baƙo ya shigo ta ƙofa, ya ratsa farfajiyar sannu a hankali, kafin ya kai bakin ɗaki ya riga ya san gidan wa ya zo. Wanda ya taɓa jira a zauren sarki ya san wannan dabara. A 1604 Felifs ya zama kakakin majalisa.

Wajen 1787 zuriyarsa suka sayo sassaƙaƙƙun duwatsu daga wani gida da ake rushewa a Doset, suka liƙa su a fuskar yamma, suka maida mashiga can. Gaban gida ya zama baya, farfajiyar ta koma lambu. Ina ganin abin da ya tsirar da shingen ke nan: wurin da aka daina bi, ba a damu da sabunta shi ba.

Saura ƙiris duk ya tafi. A 1929 aka sa gidan kasuwa, aka yi masa kuɗin tarkace, fam 5,882. Anest Kuk ne ya saye shi a 1931, ya shiga hannun National Trust. Ɗaruruwan irinsa an rushe su bayan yaƙin duniya na biyu, aka sayar da ƙofofinsu da duwatsunsu ɗaya bayan ɗaya.