Ɓoyayyen Abu ko Kuskuren Awo? Nazari kan Sababbin Ra'o'in Jometiri a Ilimin Sararin Samaniya

Tsakure: Wannan maƙala ta duba wasu matsaloli da suka gagari ilimin fiziks, tare da auna ra'o'in da ke neman warware su ta hanyar sauya siffar sarari da lokaci. Ta kuma nuna inda ɗaliban Boɗinga da Shagari za su iya sa hannu.

A ƙauyukan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, manomi ba ya bukatar kalanda kafin ya san damina ta ƙarato. Yana kallon taurarin Kaza da 'ya'yanta, malaman zaure kuma suna lissafi da masaukan wata 28. Ƙasar ta saba da neman sani: a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, Alhaji Shehu Shagari kuwa malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato tun kafin siyasa ta ɗauke shi. Tambayar da ke damun masana a yau ta dace da irin wannan gida: in tauraro ya saɓa wa lissafi, wani abu ne ya ɓoye, ko ma'aunin ne ya karkace?

Tarihi ya ba da amsa iri biyu. Da duniyar Yuranus ta kauce daga hanyarta, Urbain Le Verrier ya ce akwai wata duniya da ba a gani ba, aka kuwa gano Neftun a 1846. Da Makyuri ta nuna saɓanin sakan 43 na kusurwa a duk shekara ɗari, ya sake hasashen wata duniyar, aka neme ta sama da ƙasa ba a samu ba. Albert Einstein ne ya raba gardama a 1915, ya nuna cewa nauyin rana yana lanƙwasa sarari da lokaci. An tabbatar da haka a kusa da mu, a tsibirin Firinsife na mashigin tekun Gini, yayin husufin ranar 29 ga Mayu 1919.

Yau an sake komawa mararraba. Tun shekarun 1970 Vera Rubin ta auna taurarin da ke gefen galaksi, ta tarar suna gudu fiye da yadda nauyin da ake gani zai iya riƙe su. Yawancin masana suka ce akwai ɓoyayyen abu da ya ninka wanda muke gani kusan sau biyar, amma har yanzu babu na'urar da ta kama ƙwayarsa ko ɗaya. Ga kuma rikicin saurin faɗaɗar sararin samaniya: tauraron ɗan'adam na Planck ya ba da kusan 67, awon taurarin kusa ya ba da kusan 73.

Masu ra'ayin jometiri ba baƙi ba ne a fagen. Theodor Kaluza a 1921 da Oskar Klein a 1926 sun kawo shawarar fuska ta biyar da ke naɗe, kamar igiyar guga da mutum yake hange a matsayin layi ɗaya, alhali tururuwa tana iya zagaya kaurinta. Élie Cartan ya ƙara murɗewa a kan lanƙwasa. A 1983 Mordehai Milgrom ya ce dokar jan nauyi ce ke canzawa inda jan ya yi rauni ƙwarai, kuma lissafinsa yana faɗin saurin galaksi ɗaiɗaiku da daidaito mai ban mamaki. Wannan nasara ta cancanci a girmama ta.

Sai dai awo ba ya sani ba sabo. Ranar 17 ga Agusta 2017 aka kama girgizar sarari daga karon taurari biyu masu nisan shekarun haske kusan miliyan 130, haskensu ya iso sakan 1.7 bayanta. Wannan ya nuna gudun girgizar da na hasken ɗaya ne, ya kuma kayar da ra'o'i da dama, har da ainihin wanda Jacob Bekenstein ya gina a 2004 don ɗora tunanin Milgrom bisa tsarin Einstein. Ƙwayar miyon ta koyar da wani darasin: saɓanin maganaɗisunta da cibiyar bincike ta Fermilab ta ƙarfafa a 2021 ya kusan ɓacewa a 2025, bayan an sake lissafin da manyan kwamfutoci.

Hukuncin wannan nazari shi ne ra'o'in jometiri sun yi ƙarfi a matakin galaksi, sun yi rauni a gungun galaksi da hasken farkon halitta, don haka ba su kai ga ture ɓoyayyen abu ba tukuna. Amma aikin gwada su bai fi ƙarfin Sakkwato ba. Rumbun bayanai na SPARC, mai ɗauke da awon galaksi 175, kyauta ne a intanet, kuma ƙaramar kwamfuta ta isa. Ya kamata sashen fiziks na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ɗora ɗalibansa kan wannan aiki, ya kuma kai shi makarantun sakandare na Boɗinga da Shagari.