Sunan Gari Ba Sunan Zuriya Ba Ne: Wahalar Bin Salsala a Ƙasar Kafur

Baturen Ingila mai suna Smith ko Johnson, idan ya tashi neman kakan kakansa, sunan nan ne igiyar da zai bi. Wajen ƙarni na 14 laƙabin sana'a, ko na uba, ko na gari, ya riga ya zama abin gado a ƙasarsu. A 1538 Thomas Cromwell ya umarci majami'u su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, a 1837 kuma hukuma ta buɗe rajistarta.

Wasu masu bincike sukan ɗauka sunan garin da Bahaushe ke liƙawa a ƙarshen sunansa zai yi musu irin wannan aiki. A ganina kuskure ne. Dubi Aminu Bello Masari, gwamnan Katsina daga 2015 zuwa 2023. Masari gari ne a ƙaramar hukumar Kafur, kuma duk wanda aka haifa a can, maƙeri ne ko ɗan sarauta, yana da ikon ɗaukar sunan. Al'adar ta yi ƙarfi ne a makarantun boko, inda aji ɗaya kan tara Muhammadu da Abubakar barkatai, sai a bambanta su da garuruwansu. Da sunan Ahmadu Rabah aka san Sardauna a Kwalejin Katsina. Sunan uba kuwa ba ya daɗewa. Ɗan Garba shi ne Musa Garba, ɗan Musa shi ne Sani Musa, ka ga Garba ya ɓace a hawa na biyu.

To ina tarihin yake? Yana cikin sunayen da takarda ta raina. Tanko ya biyo bayan mata ne, Gambo ya biyo bayan tagwaye, Nomau ya zo ana tsakiyar noma, Anaruwa kuwa sunansa ya faɗi komai. A ƙasar Kafur da Malumfashi, inda Maguzawa suka daɗe, irin wannan suna sau da yawa shi ne sunan kakan na ainihi, kafin Musulunci ko Kiristanci ya sauya wa gidan sunaye. Ga kuma zanen fuska, da kirarin gida, da iyakar gonar gandu wadda dattawan unguwa suka san wanda ya fara sare dajinta. Tsofaffin mata, waɗanda mai bincike kan wuce bai tambaya ba, su suka fi riƙe wa ya auri wa.

Rahotannin kimanta haraji da ke Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna suna da amfani, amma hakimai da dagatai suka fi ambata; manomi adadi ne kawai a cikinsu.

Abin damuwa yanzu shi ne katin ɗan ƙasa da takardun jarrabawa sun tilasta wa kowa sunan dangi. Sai ka tarar da 'yan uba ɗaya su uku: wannan ya rubuta sunan mahaifi, wancan na kaka, na ukun ya sa Kafur, kuma abin da jikokinsu za su gada ke nan.