Tabon Ƙuruciya da Maganinsa a Ƙasar Buji: Waiwaye Kan Tarihi

Gabatarwa

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan karin magana ya nuna cewa tun da daɗewa Bahaushe ya lura da wani abu da likitocin ƙwaƙwalwa suka daɗe suna muhawara a kansa, watau cewa tsoro yakan zauna a jikin mutum bayan abin tsoron ya wuce, musamman idan ya same shi yana yaro. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka fahimci irin wannan tabo, da yadda aka nemi maganinsa, a ƙasar Buji da maƙwabtanta cikin masarautar Dutse. Za a ga cewa sanin ciwon tsoho ne a wannan ƙasa. Abin da ya zo sabo shi ne hanyar magani wadda ta dogara ga sa mai ciwon ya faɗi abin da ya same shi da bakinsa.

Ƙasar da Abin da Yaranta Suka Gani

Buji ƙaramar hukuma ce a Jihar Jigawa, hedikwatarta tana Gantsa. An cire ta daga Birnin Kudu a 1996, shekara biyar bayan an ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Jihar Kano. A ƙarni na goma sha tara wannan yanki yana kudu maso gabashin masarautar Kano, watau yana fuskantar duwatsun Ningi. A wajejen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa da almajiransa bisa saɓani kan haraji, ya shiga waɗannan duwatsu. Daga nan har zuwan Turawa, hare-haren Ningawa suka addabi ƙasashen Birnin Kudu da Dutse, ana ƙone ƙauyuka, ana kwashe mata da yara. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya sha fita yaƙi ta wannan sashe. Bayan haka kuma aka yi yaƙin basasa na Kano daga 1893 zuwa 1895, inda Yusufawa suka kafa sansaninsu a Takai, wadda ba ta da nisa da wannan ƙasa.

Zuwan Turawa ya kawo ƙarshen hari, amma sai yunwa ta karɓa. Tsofaffi sun riƙe sunan Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, kamar yadda na bayansu suka riƙe farin 1972 zuwa 1974. Littattafan tarihi sun ƙidaya sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma da wuya su tsaya kan yaron da ya kwana a cikin dawa yana jin kururuwar garinsu, ko wanda aka fanso bayan shekara uku a hannun baƙi. Ɗaya daga cikin muryoyi ƙalilan da suka tsira ita ce ta Baba ta Karo, wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Tana da shekara sama da saba'in a lokacin, amma ta tuna harin da aka kai wa danginta tana yarinya, da fafutukar fansar waɗanda aka kama, kamar jiya aka yi.

Yadda Bahaushe Ya Fassara Ciwon

Idan yaro ya ga abin tsoro, ya koma yana zabura cikin barci yana kuka, ko ya daina magana, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya bari, sai a ce firgita ce. Bayanin da aka fi yi shi ne iska ta shafe shi, ko maye ya kama kurwarsa, ko kuma baki ne ya kama shi. Maganin yakan bi bayanin. Malami zai yi tofi, ya ba da rubutun sha, ya ɗaura laya. Boka zai ba da hayaƙi da jiƙo. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, musamman ga mata, waɗansu sukan kai ga girka a hannun 'yan bori, duk da cewa malamai sun yi tir da bori tun zamanin jihadi. Daga shekarun 1990 kuma ruƙiyya ta bazu daga Kano zuwa ƙauyuka, ta zama hanyar da aka fi kai mai irin wannan lalura.

Duk waɗannan hanyoyi sun haɗu a kan abu biyu. Na farko, sun ɗauki ciwon da muhimmanci, sun tara dangi a kan mai shi, sun ba shi tabbacin cewa ba a bar shi shi kaɗai ba, kuma wannan ba ƙaramin magani ba ne. Na biyu, sun ɗora laifin a kan wani abu na ɓoye. Wannan yakan sauƙaƙa wa iyali, domin ba a tuhumi kowa ba, amma idan abin da ya firgita yaron ɗan'adam ne, kuma yana cikin gidan, to, ba wanda zai tambaya.

Tarbiyyar Bahaushe ta ƙara wa wannan shiru ƙarfi. Ana horon yaro da kunya da haƙuri da kawaici, ana gaya masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Uwa takan yi kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna masa so a gaban mutane. Sai dai al'ada ba ta toshe kowace ƙofa ba. Akwai wasa tsakanin kaka da jika, inda yaro yake iya faɗin abin da ba zai faɗa wa mahaifinsa ba. Akwai goggo da inna da kawu, akwai riƙo, wanda sau da yawa yakan fitar da maraya daga gidan da ya ga baƙin ciki, ko da yake wani lokaci riƙon kansa shi ne masomin wahalar. Akwai kuma tatsuniya, inda yaro yake haɗuwa da Dodo da kura da muguwar kishiyar uwa yana jingine da kakarsa, labarin kuma ya ƙare lafiya.

Malaman Musulunci ma ba su bar wannan fage ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya ware tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi, ya kuma ba da shawarar a saba wa mai tsoro da abin da yake tsoro sannu a hankali har ya daina razana.

Zamanin Turawa da Bayansa

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta zo da maganin firgita ba. Dokar mahaukata ta 1916, da wadda ta gaje ta a 1958, sun fi damuwa da tsare wanda ake ganin zai cuci jama'a. A Arewa sau da yawa gidan yarin En'e ne makomar irin wannan mutum. Sauyi ya fara daga Abeokuta a 1954, sa'ad da Dokta Thomas Adeoye Lambo ya shirya wa majinyatan asibitin Aro masauki a ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da wani danginsa, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Darasinsa shi ne ba a raba mai ciwon rai da mutanensa.

Daga baya aka sami asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Dawanau ta Kano da Kware da Maiduguri, Jigawa kuma tana da nata a Kazaure. Amma Kazaure tana can ƙuryar arewa maso yammacin jihar, nesa da Gantsa, kuma a idon talaka wurin masu taɓin hankali ne tuburan. Yaron da ya zama mai taurin kai, ko saurayin da ya faɗa shaye-shaye, gidan mari aka fi kai shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu yara, waɗansu da mari a ƙafa. A watan Oktoba aka buɗe wani a Daura. Iyaye da dama sun kai 'ya'yansu ne da kyakkyawar niyya, aka yi wa tabo magani da sabon rauni.

Asalin Jiyya ta Hanyar Zance

A Turai ma an daɗe kafin a gane bakin zaren. A 1889 likitan Faransa Pierre Janet ya bayyana cewa abin da ya firgita mutum ƙwarai ba ya zama a ƙwaƙwalwa kamar sauran labarai, yakan riƙa dawowa gutsi-gutsi, cikin mafarki ko faɗuwar gaba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cika asibitoci da sojojin da ba su da rauni a jiki amma suna makyarkyata. A 1951 John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan illar raba ƙaramin yaro da mai renonsa. Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, likitocin Amurka suka sa ciwon bayan firgici cikin kundin cututtukansu.

Tsakanin 1995 da 1997 Vincent Felitti da Robert Anda suka yi wa mutum fiye da 17,000 tambayoyi a Kalifoniya game da ƙuruciyarsu: duka, zagi, fyaɗe, ganin ana dukan uwa, da zama da mashayi ko mai taɓin hankali. Kusan kashi biyu cikin uku sun gamu da aƙalla ɗaya. An kuma ga cewa gwargwadon yawan abin da mutum ya gani yana yaro, gwargwadon haɗarin da yake ciki na baƙin ciki mai tsanani da shaye-shaye da ciwon zuciya bayan ya girma.

A cikin shekarun 1990 ne Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger suka tsara jiyyar zance mai fuskantar firgici domin yara. Akan yi zama kamar sha biyu zuwa sha shida, mako-mako. Da farko akan fahimtar da yaron da mai riƙonsa cewa zabura da mafarki da saurin fushi alamun rauni ne, ba iskanci ba ne, ba kuma hauka ba. Sa'an nan a koya masa kwantar da numfashi da kiran abin da yake ji da sunansa. Bayan haka ne ake shiga labarin, kaɗan-kaɗan, da baki ko da zane, ana maimaitawa har ya iya faɗinsa ba tare da jiki ya ɗauki rawa ba. A nan ne ake gyara tunanin da ya fi cutar yara, watau cewa laifinsu ne. A ƙarshe yaron yakan karanta wa uwarsa ko mai riƙonsa labarin, bayan an shirya babban yadda zai saurara. Domin manya kuwa akwai wata hanya da masana daga Jamus suka gwada da 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda, inda ake shimfiɗa igiya a matsayin rayuwar mutum, a aza fure a kan kowane abin farin ciki, dutse a kan kowane abin baƙin ciki, a bi su ɗaya bayan ɗaya. An gwada jiyyar yara a Kwango da Zambiya ta hannun ma'aikatan da ba likitoci ba, aka sami sakamako mai kyau, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin hanyoyin da ta amince da su.

Halin da Ake Ciki

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 ya nuna cewa yara shida cikin goma a Nijeriya sukan gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Rikicin Boko Haram ya sa aka fara irin wannan jiyya gadan-gadan a Borno, inda gidauniyar Neem ta Dokta Fatima Akilu ta riƙa kai masu ba da shawara har unguwanni. A Jigawa an sa hannu kan dokar kare yara a 2021, a matakin ƙasa kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar duka 'yan ɗaruruwa ne, akasarinsu a manyan birane. Musifu kuwa ba su jira ba. Ambaliyar 2022 ta raba dubban iyalai da gidajensu a jihar, gobarar tankar mai ta Majiya a Oktoban 2024 ta hallaka mutum fiye da 150, ta bar marayu a gidaje masu yawa.

Kammalawa

Tarihin da aka bi ya nuna cewa mutanen ƙasar Buji ba su rasa sunan ciwon ba, ba su kuma rasa masu tausayi ba. Abin da aka rasa shi ne wurin da yaro zai faɗi abin da ya faru a gaskata shi. Tun da an tabbatar ba sai likita kaɗai ke iya wannan jiyya ba, waɗanda suka fi cancanta a horar su ne waɗanda yara suka riga suka saba da su: ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, ungozoma, malaman firamare da na allo da na Islamiyya. Wajibi ne kuma a yi ta da Hausar da kaka take yi wa jikanta, ba tare da an raina tofi da addu'ar da iyali suka dogara da su ba. Haƙuri yana nan da darajarsa, amma waɗanda suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, su ne kuma suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.