Zare: yadda aka yi har aka manna wa harshe waya

1/ Jama'a, a darasin furuci an koya mana bahanƙe, baganɗe, bahanɗe. Amma wa ya leƙa bakin mutum yana cikin magana ya ga inda harshe ya taɓa? An shafe fiye da shekara 100 ana fama da wannan. Ku biyo ni.

2/ A 1872 wani likitan haƙori ɗan Ingila, Oakley Coles, ya shafa wa cikin bakinsa kwaɓin fulawa da ƙaro, ya furta sauti, sannan ya duba inda kwaɓin ya goge. Dabara ce, amma sawu kawai take nunawa. Ka san harshe ya je wurin, ba ka san ta ina ya bi ba, ko yaushe.

3/ Gwada da r ɗinmu biyu: "bara" na roƙo da "bara" na yaron gida. Ɗaya ra-gare, ɗaya ra-kaɗe, inda tsinin harshe ke lanƙwashewa baya ya bugo hanƙa yana wucewa. Rabin bambancin a tafiyar yake.

4/ Bayan gano hoton eksire a 1895, aka kai ga ɗaukar fim na mutum yana magana. An ga motsi kam, amma hasken na da illa, ba a iya daɗewa. A shekarun 1970 su Osamu Fujimura a Jami'ar Tokyo suka rage shi: a manna 'yan ƙwayoyin ƙarfe a harshe, siririn haske ya riƙa bin su kaɗai. Daga baya aka gina irinsa a Wiskonsin ta Amurka.

5/ Sai maganaɗisu. A 1971 Thomas Hixon ya auna motsin muƙamuƙi da shi. A 1987 Paul Schönle da abokan aikinsa a Jamus suka wallafa tsarin da ke bin ɗigo da yawa har cikin baki. Shi ne EMA. Kamfanin Carstens ya kai shi kasuwa, Joseph Perkell kuma ya gina nasa a MIT.

6/ Ga yadda yake aiki. A kewayen kai akwai naɗaɗɗun wayoyi, kowace na fitar da ƙarfin maganaɗisu mai kaɗawa da nata saurin. A kan harshe a manna 'yan mitsitsin naɗin waya, kamar milimita 2 zuwa 3, da gam irin na likitoci. Ƙarfin nan na haifar da ɗan lantarki a cikinsu, kusa ya yi yawa, nesa ya ragu. Da wannan kwamfuta ke lissafa inda kowane yake, sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya.

7/ Har a karan hanci da bayan kunne ake mannawa, don a cire motsin kai daga lissafi. Na farkon gaba-baya da sama-ƙasa kawai suke gani. Sai a shekarun 2000 aka samu masu ganin gefe.

8/ Wanda ya fi burge ni: a 1993 Ian Maddieson ya auna kp da gb na harshen Ewe, na Ghana da Togo. Kunne na jin kamar tare ake rufe leɓe da hanɗa. Na'urar ta nuna bayan harshe ne ke riga rufewa, ya kuma riga buɗewa, leɓe na biye.

9/ Amma kar a cika baki. Ɗigo uku ko huɗu ake bi a harshe, ba duka ba. Na tsinin ma sai an ja shi baya kamar santimita 1, in ba haka ba ya hana magana, ga wayoyi na zubowa ta gefen baki. Can ciki kuwa mutum zai fara yunƙurin amai, ba a kaiwa.

10/ To mu kuma ɓ, ɗ, ƙ da ts ɗinmu, babban aikinsu a maƙogwaro yake. EMA zai nuna maka harshe na k da na ƙ sun nufi hanɗa, amma rufewar maƙwallato da hawan maƙogwaro da ke raba "kafa" da "ƙafa" sai an haɗa da wata na'urar daban.