Soron Ingila: Turai a Suna, Kano a Gini



A Turai, daga ƙarni na 17 zuwa tsakiyar na 18, an yi yayin wani salon gini da ake kira barok. Ya faro daga Italiya, an kuma san shi da yawan ado da sassaƙa. Garuruwa da dama sun gina zauren majalisarsu da wannan salo domin baƙo ya ga ƙarfin gari tun kafin a yi masa bayani. Mu ma a Kano muna da zaure mai irin wannan aiki, amma da wuya ka gan shi a littattafanmu.

Mu da muka tashi a Fagge da Sabon Gari, idonmu ya saba da siminti da kwano. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin baƙin da suka biyo shi, ƙarƙashin ikon Turawa kai tsaye. A 1940 aka mayar da unguwar hannun En'e, wato hukumar Sarki. Daga nan maganar unguwarmu ta koma cikin ganuwa, a Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa.

A cikin wannan gida Soron Ingila yake, inda Sarki ke karɓar manyan baƙi. An gina shi zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926-1953), wanda ya ziyarci Ingila a 1934. Sunan na Turai ne, amma fasahar ta maginan Hausa ce.

Ga yadda suke yi. Ana cura tubali da hannu, a shanya, a jera da ƙasa. Rufi kuwa da azara ake yi, wato tsagin giginya, don gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai azara ɗaya ba ta iya tsallake faɗin babban ɗaki ba tare da ta lanƙwashe ba. Don haka magina suka ƙirƙiro bakan gizo: a riƙa ɗora azara kan azara daga bango, kowace ta ɗan zarce ta ƙasa, a ɗaure, a yaɓe, har ɓangarorin biyu su haɗu a tsakiya. Da haka ake samun zaure mai faɗi da tsawo. Bayan nan a zana ado mai launi a ciki, a shafe waje da makuba saboda ruwa, a kafa zankwaye a kai. Irin wannan gwaninta ce Babban Gwani ya nuna a masallacin Juma'a na Zariya tun wajen shekarun 1830.

To, ina ruwan marubuci? Mu duba labaranmu. Kullum "wani tangamemen gida" ne mai fenti da kujerun ƙasar waje. Ba azara, ba zanko, ba magini. Alhali ginin ƙasa sai da yaɓe kafin damina, in aka bar shi ya narke. Maginan da suka iya bakan gizo suna raguwa, kalmomin sana'ar na bin su. Abin da ba a gina shi, ba a kuma rubuta shi, ya tafi ke nan.

Daga Fagge zuwa gidan tarihi na Gidan Makama, kusa da fada, kuɗin Adaidaita Sahu ne kawai. Mu je, mu ɗaga kai mu kalli rufin, mu tambayi sunan kowane sashe, mu sa shi a babi na gaba.

Allah Ya ƙara mana basira.